Daga Korgom Zuwa YouTube: Abin Ɗauka Yana Ƙofar Gida

Duk matashin da ya buɗe tasha a YouTube, ko ya fara sakin bidiyo a TikTok da Facebook, tambayoyi biyu ne ke hana shi barci: me zan ɗauka gobe, kuma ta yaya masu kallo za su ƙaru? Ana yin su a Kano da Kaduna, ana yin su a Maraɗi da Damagaram, yanzu kuwa sun iso garuruwa irin su Korgom a gundumar Tasawa da ƙauyukan Mayahi, inda babbar waya ta riga wutar lantarki shiga gidaje da yawa. Amsar da aka saba ji ita ce a duba abin da yake tashe a yi irinsa: in rawa ce a taka, in barkwanci ne a kwaikwaya, in faɗan 'yan fim ne a tsoma baki. Shawara ce mai sauƙin bayarwa, amma ita ta fi kashe ƙananan tashoshi. Abin da hujjoji suka nuna, tun daga tarihin fim ɗin Hausa har zuwa yadda YouTube kansa yake zaɓar abin da zai nuna wa mutane, shi ne tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. Tasha tana girma ne idan ta ɗaukar wa wasu sanannun mutane alkawarin wani sanannen abu, ta kuma riƙa cika shi mako bayan mako. Wanda ya san su wa yake yi wa magana, ya kuma san abin da ke hannunsa wanda babu a hannun kowa, ba zai rasa abin ɗauka ba, masu kallo kuma ba za su rasa dalilin dawowa ba.

Tarihin sana'ar kanta ya isa darasi. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma ne a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa. Ya yi zamanin kaset, ya yi zamanin faifai, har 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka riƙa loda kaya zuwa Katsina da Maraɗi da Damagaram, mawaƙa da 'yan wasa daga Nijar irin su Fati Nijar kuma suka tsallaka iyaka suka yi suna a Kano. Daga baya satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai, sai ka ga furodusa ya zuba dukiya ya kasa maido da uwar kuɗi. Abin da ya farfaɗo da masana'antar shi ne shiri mai dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da jiran Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad ya fito a tashar Bakori TV ta YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya riƙa fitowa a Arewa24 da tashar Saira Movies. Sirrin waɗannan shirye-shirye bai tsaya ga kyamara ko fitattun fuskoki ba, domin fina-finan da suka faɗi a kasuwar faifai ma suna da su. Kowannensu yana da ranarsa da sa'arsa. Mai kallo ya san su wa zai tarar, ya san inda aka tsaya, ya kuma san cewa mako mai zuwa za a ɗora. Manyan masana'antar da suka fi kowa jari ma sai da suka koma ga cika alkawari kafin su tsira.

Haka kuma lissafin YouTube yake tafiya. Tun 2019 kamfanin ya ce ana ɗora fiye da sa'o'i 500 na bidiyo a kowane minti, don haka babu mutumin da ke zaune yana zaɓar wanda za a nuna. Manhaja ce ke yi. A 2012 kamfanin ya daina fifita yawan dannawa ya koma fifita tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo. A 2018 Neal Mohan, wanda yanzu shi ne shugaban kamfanin, ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo yana fitowa ne daga bidiyon da manhajar ta miƙo wa mutum da kanta. Yadda abin yake shi ne, in ka saki bidiyo, za a nuna takensa da hoton fuskarsa ga wasu mutane, galibi waɗanda suka taɓa kallon naka ko irin naka. In sun danna, sun zauna, sun kai nesa, sai a faɗaɗa. In sun wuce, ko sun shiga sun fice da wuri, sai a ja da baya. A nan ne tashar da ba ta da alƙibla take cin kanta. Wanda ya saki wa'azi yau, gobe rawa, jibi labarin ƙwallo, ya tara mabiya kashi uku, kowane kashi ba ya son abin sauran. Duk bidiyon da ya saki, mafi yawan mabiyansa za su tsallake shi, manhajar kuwa ta karanta hakan a matsayin rashin karɓuwa. Mai ƙosan da ke fitowa kowace safiya a wuri ɗaya ba ta bukatar shela, amma wadda yau ƙosai gobe kalanzir jibi takalma, ko maƙwabta ba su san ranar da za su zo da kwano ba.

In haka ne, sai a tambaya: wane alkawari ɗan Korgom zai iya ɗauka ya cika fiye da kowa? Ba shirin soyayya mai dogon zango ba ne. Titin Gidan Zoo a Kano cike yake da ɗakunan tace hoto da sauti, da mawaƙa, da 'yan wasan da fuskarsu kaɗai ta isa ta jawo dubban masu kallo. Wanda ya shiga wannan fage da waya ɗaya da abokai huɗu, a mafi kyawun hali zai zama kwafin abin da asalinsa yake kyauta a waya guda. Amma akwai abubuwan da ɗakunan Kano ba za su iya ɗauka ba ko nawa suka zuba. Ba su san yadda gona take a jigawar Tasawa ba in ruwa ya yi tsalle bayan shuka. Ba su san farashin tiyar hatsi a kasuwannin ƙauye wannan mako ba. Ba su san tsohon da ya riƙe tarihin kafuwar gari ba, balle ya yarda ya zauna ya yi musu bayani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, a duniyar da bidiyo ya yi yawa kuwa, kukan gida shi ne kaɗai abin da ba a samu a ko'ina.

Mafi arhar maɓuɓɓugar abin ɗauka ita ce shekarar manomi. Mai neman batu 52 don makonni 52 ya zauna ya bi lokuta ɗaya bayan ɗaya. Da bazara akwai sharar gona, kai taki, zaɓen iri, da tsadar abincin dabbobi. Da damina akwai shuka, noman farko da maimai, ƙwari, da shawarar ko a sake shuka in tsiro ya ƙone. Da kaka akwai girbi, ɗaurin damma, gyaran rumbu, roron wake, cirar gyaɗa, yankan riɗi, da babbar tambayar kowane magidanci: in sayar yanzu ko in ajiye? Da sanyi akwai lambu, bukukuwa da kokawa. Da rani akwai tafiya ci-rani da halin da gida ke shiga in maza sun tafi. Azumi da sallar layya kuwa suna zagayowa da nasu batutuwan, daga kiwon rago har farashinsa. Jihar Maraɗi ta ma fi wasu wurare abin nunawa a wannan fage. A nan ne aka fara abin da manoma ke kira sassaben zamani tun cikin shekarun 1980, lokacin da masanin noma Tony Rinaudo da manoman yankin suka gane cewa kututturan da ake sarewa duk shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, in an zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi an sassabe sauran sai su tashi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Baƙi suna tasowa daga ƙasashe masu nisa don su ga gawo da kalgo da sabara a gonakin Maraɗi da Damagaram. Abin da baƙo ke hawan jirgi ya zo gani, ɗan gari yana wucewa ta gefensa kullum da waya a aljihu.

A ɗauki misali guda a duba shi kusa, don a ga bambancin batu da bidiyo. Kowa a yankin ya san ƙwaro yana cinye wake a ajiya, ya kuma san farashi yakan faɗi da kaka ya tashi daga baya. Buhun nan mai hawa uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira aka kuma gwada shi tare da cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, yana kashe ƙwaron ne ta hanyar toshe masa iska, ba tare da magani ba. Wanda bai ƙware ba zai tsaya gaban kyamara ya yi sallama mai tsawo, ya gaida iyayen gida, ya roƙi a danna alamar bibiya, kafin ya kai ga magana rabin masu kallo sun fice. Wanda ya gane aikin zai buɗe da hannu biyu a cike: ɗaya da wake mai huji da gari, ɗaya da wake fes, ya ce duka daga gona ɗaya suka fito, wata biyar ke nan a ajiye. Daga nan sai ya nuna yadda ake shanya waken ya bushe ƙayau, yadda ake duba ledojin biyu na ciki ko akwai huda, yadda ake matse iska, yadda ake ɗaure kowace leda daban kafin a ɗaure buhun waje, da dalilin ɗora shi a kan katako nesa da ɓera. Minti biyar sun isa. Taken ma ya fito daga bakin masu matsalar, irin yadda za su faɗa a majalisa: yadda ake ajiye wake har bazara ba ƙwaro. Daga wannan bidiyo ɗaya wasu biyar za su haifu, domin masu kallo za su tambaya ko yana yi wa masara da gujiya, ko ana sake amfani da buhun, ko yaya ake gane na jabu. Tambayar mai kallo ta fi duk wata dabara da mai tasha zai kwana yana saƙawa.

Zaman kusa da iyaka ma jari ne. Mutanen kudancin Tasawa suna hulɗa da kasuwannin jihar Katsina irin su Mai'aduwa da Daura, amfanin gonarsu kuma yana kaiwa har Dawanau a Kano. Sun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun ga yadda faɗuwar naira ta juya lissafin saye da sayarwa tsakanin sefa da naira. Tashar da za ta riƙa kawo farashin gero, dawa, wake, riɗi, rago da jar akuya daga kasuwanni biyu ko uku duk mako, daga bakin masu awo da dillalai, tare da canjin ranar, ta ɗauki alkawarin da ɗan kasuwa a Kano da ɗan ci-rani a Libiya za su riƙa jira. Tarihi kuma yana nan kwance. A Maijirgi, cikin gundumar Tasawa, kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa da suka ratso ƙasar Hausa da kisa da ƙone-ƙone a 1899, suka yi ɓarna a Birnin Ƙonni da Koran Kalgo, har sojojinsu suka kashe su a watan Yuli na wannan shekara. Har daga Ingila an zo an yi fim a kan wannan tafiya, wanda ya fito a 2020, alhali jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna nan da labarin a bakinsu. Kokawa ita ma haka: tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kowa ya san zakarun da suka kai fagen ƙasa, amma kokawar ƙauye da ake yi bayan girbi, inda zakarun ke tsirowa, ba ta da mai ɗauka na dindindin.

Mai shakka zai ce wa zai ɓata datarsa a kan kallon ƙauye? Duniya ta riga ta ba da amsa. A kudancin Indiya, a jihar Tamil Nadu, wani dattijo mai dafa abincin biki da jikokinsa sun buɗe Village Cooking Channel a 2018, suna girki a fili cikin gonaki da harshensu na Tamil, a 2021 suka kai mabiya miliyan 10. A China, Li Ziqi ta riƙa nuna noma da girki da sana'ar hannu a ƙauyen kakarta a lardin Sichuan, a farkon 2021 mabiyanta a YouTube suka haura miliyan 14. Gaskiya ne Indiya tana da arhar data da Nijar ba ta da ita, kuma ba kowane mai girki a gona ne ya yi suna ba. Amma misalan sun rushe zaton cewa ƙauye ba abin kallo ba ne. Masu jin Hausa gomman miliyoyi ne, da yawansu kuma suna nesa da gida: a Legas da Abidjan, a zangunan Ghana, a Sudan da Saudiyya, a Libiya da Aljeriya. Mutumin da ya shekara uku bai ga damina a garinsu ba zai kalli hatsi yana bununi har ƙarshe, ya tura wa 'yan ɗakinsu, ya bar saƙon gaisuwa a ƙasa. Saboda shi ma bai kamata mai tasha ya murɗe harshensa ya koma Kananci ba. Hausar Maraɗi ita ce shaidar cewa abin na gida ne, ga shi kuma tun Maris ɗin 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: mutane nishaɗi suke so, kuma kowa ya ga yadda zagi da tonon asiri da rawar banza ke tara kallo cikin dare ɗaya. Ba a musun wannan. Sai dai kallon da abin kunya ya kawo na abin kunyar ne, ba na mai tasha ba, gobe in wani ya fi shi rashin kunya can za a koma. Kuma yana da farashi. A Kano, a Nuwambar 2022, kotu ta sa an yi wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu tare da tara, kan ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. A Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun miƙa su a tace. A Nijar akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda gyaran Yunin 2024 ya maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. A ƙaramin gari kuma akwai hukuncin da ya riga na kotu, domin wanda ka ci wa mutunci da safe da shi za ka haɗu a masallaci da la'asar. Wannan ba ya nufin a bar raha. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya gina sunansa a kan halayen mutanen karkara da kowa ya gane. Barkwancin da ya fito daga rigimar mai gona da ɗan ƙwadago, ko ɗan ci-ranin da ya dawo da baƙin tabarau da aljihu wayam, shi ma kukan gida ne, kuma yana iya zama alkawarin mako-mako kamar farashin kasuwa.

Ƙorafi na uku shi ne na kayan aiki: rezo mai rauni, data mai tsada, wuta babu. Wannan gaskiya ce da ba a rufe ta da daɗin baki. Kamfanonin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom ba su kai intanet mai ƙarfi kowane ƙauye ba, Starlink da ya shigo a 2025 ba na aljihun talaka ba ne, yankan wutar Najeriya bayan juyin mulkin 2023 kuma ya nuna cewa ko birane ba su tsira ba. Amma wannan ƙunci ya kamata ya tsara aikin ne, ba ya hana shi ba. Bidiyo a karkara yana da nasa hanyoyin. A duba rumfar mai caji: faifan sola a kan rufi, batir a ƙasa, wayoyi jere a kan tebur kowace da lambarta, ga kwamfuta a gefe ana zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori da 'yan canji. Daga nan abin ke bi ta Xender daga waya zuwa waya, ya faɗa zaurukan WhatsApp. Mai hankali zai ɗauki bidiyo uku ko huɗu da hasken safiya, ya kusanto da wayar bakin mai magana ya juya wa iska baya domin mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da sautin da ba a ji, ya tace su a waya, ya ɗora su ranar da ya shiga Tasawa ya sa wa kowanne ranar fitowa. Sannan ya yi ƙaramin kwafi mara nauyi ya ba mai caji kyauta, da sunan tashar a jikin hoton, a kuma faɗe shi da baki, tunda yawancin manya a karkara da kunne suke karɓar saƙo. Kallon da aka yi ta memori ba ya shiga lissafin YouTube, wannan asara ce. Amma shi ke kafa suna a gari, shi ke kai labarin tashar ga ɗan uwan da ke waje wanda yake da datar kallo a YouTube ɗin.

Saura maganar kuɗi, wadda a nan ne aka fi yaudarar matasa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Sa'o'i 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo yana zama minti huɗu, ana bukatar kallo 60,000. Bayan haka mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, ba a kuma turo masa sai sun kai dala 100. Tsarin ma ba kowace ƙasa aka buɗe wa ba: Najeriya da Ghana da Senegal suna ciki, Nijar kuwa ta daɗe a waje. Kuɗin talla kuma yana bin inda mai kallo yake ne, kallo dubu daga Amurka ko Turai ya ninka kallo dubu daga Afirka ta Yamma nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce wa yaro ya bar gona ko makaranta saboda dalar YouTube ya cuce shi. Sai dai wannan lissafi ƙarin hujja ne ga abin da ake faɗa. Tashar da ke jiran dala tana bukatar miliyoyin baƙi. Tashar da mutum dubu biyar na Tasawa da Mayahi da 'yan ci-raninsu suka amince da ita tana da abin sayarwa tun yau: mai shagon iri da taki zai biya a ambace shi, masu biki za su kira mai ɗauka da suka ga aikinsa, ƙungiyoyin manoma da na mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da tabarmar kaba ta Gulbin Kaba za su samu masu saye, kuɗin kuma ya zo da sefa ta kamfanonin tura kuɗi irin su Nita ko Amana. Sharaɗin shi ne a faɗa wa masu kallo cewa talla ce, kuma kada a tallata abin da mai tasha ba zai ba ɗan uwansa ba.

Amanar ba ta tsaya ga masu kallo ba, ta haɗa da waɗanda ake ɗauka. Ba a ɗora kyamara a kan mutum sai da izininsa, ba a shiga gida sai da yardar masu gida, ba a mai da yunwar wani ko ciwon ɗansa abin neman kallo. Mata, waɗanda su ne ma'abota ilimin girki da kiwo da sarrafa amfanin gona, da yawansu ba sa son fuskarsu ta yi yawo a wayoyi, kuma ba dole ba ne: hannu da murya sun isa su koyar da dambu ko kiwon akuya. In batun magani ne, na mutum ko na dabba ko na ƙwari, a kai kyamarar wurin ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya yi bayani da bakinsa, domin kuskuren da aka tura a WhatsApp ba ya dawowa. Haka waƙar wani ko fim ɗin wani: manhajar YouTube tana gane su, kuɗin ya tafi ga mai su, gargaɗi uku na satar fasaha kuma suna iya rufe tasha ɗungurungum. Masu cika tasharsu da kayan mutane suna gini ne a filin aro.

Daga duk wannan, akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata ya riga sayen kyamara. Mai niyya ya faɗa a jimla ɗaya su wa yake yi wa tashar da abin da za su samu duk mako. Sannan ya rubuta take 20 a ƙarƙashin wannan jimla. In sun fito ba wahala, ya samu alƙibla. In ya cije a na shida, alkawarin ne bai nuna ba, sai ya sake. In ya fara, ya riƙa duba zanen da YouTube ke nuna masa na inda mutane suka fice daga kowane bidiyo, ya gyara wurin a na gaba, ya kuma amsa tambayoyin da aka bari. Kada ya yanke wa kansa hukunci da bidiyo goma. Tashar da ke bin shekarar manomi sai ta zagaya damina da rani kafin a san nauyinta, kuma bidiyon ajiyar wake da bai yi kasuwa bana ba zai sake tashi baɗi da kaka. Yawan mabiya yana iya ruɗi, domin ana sayensu, ana kuma tara su da abin kunya. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne a tsallake mako ɗaya ba a saki komai ba, a ga ko akwai wanda zai kira daga Mayahi ko Tripoli ya tambaya ko lafiya.